Wa Zai Biya Idan Ruwa Ya Ci Sabuwar Unguwa?

Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, 'yan'uwa maza da mata na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ina gaishe ku.

Duk shekara idan marka ta sauka a watan Agusta, abu ɗaya muke gani. Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye katanga ta faɗi, buhunan masara sun jiƙe, masai ta cika ta malala cikin rijiya. A zo jaje, a ce ƙaddara ce. Bayan 'yan makonni hukumar agajin gaggawa ta kawo tabarmi da shinkafa da kwanon rufi, shi ke nan magana ta mutu. Na yi imani da ƙaddara kamar kowa a zauren nan. Amma ruwan sama Allah ne ya saukar, lambatun da ba a gina ba kuwa mutum ne ya ƙi ginawa. Shinkafar nan tallafi ce. Diyya tana nan a wuyan wani, kuma shi nake so mu nemo yau.

Abin ya fi yi mana ciwo a wannan yanki saboda dalilin da kowa ya sani. Tun kafin a sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, mutanen ƙauyuka suke gudowa cikin gari don tsira da rai. Wanda ya baro gonarsa da rumbunsa, ya sayar da ragowar awakinsa, fili mafi araha zai nema. Mafi araha kuwa shi ne awon igiya a bayan gari: ba taswira, ba hanyar mota, ba inda aka bar wa ruwa. Da rani ake nuna masa wurin, ƙasa ta bushe ƙayau. Shi baƙo ne, bai san fadama ce ba, bai san tsohon kududdufi ne aka cike da bola ba. Mai filin ya sani. Dillali ya sani. Sau da yawa wanda ya sa hannu a takardar ciniki ma ya yi wanka a wannan kududdufin yana yaro.

A nan alhaki yake farawa. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke aiki da shi, wanda ya sayar da abu ya ɓoye aibinsa ya yi ha'inci, kuma mai saye yana da haƙƙi: ko a warware ciniki, ko a rage kuɗi gwargwadon aibin, alƙali ne zai auna. Ban ga aibin da ya fi a sayar wa mutum hanyar ruwa da sunan fuloti ba. Ba kuma sabuwar magana ba ce. Ibn al-Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini, har da rigimar indararo da magudanar ruwa tsakanin maƙwabta. Saboda haka wanda ya zuba marmara ya ɗaga gidansa, ya juya ruwan layi zuwa ɗakin gwauruwar da ke ƙasa da shi, ya sani malamai sun daɗe da gama magana a kansa: cuta ce, kuma kawar da ita ake yi.

Sai hukuma. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci gina magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara, cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsu. Ke nan babu fulotin da ba shi da mai sa ido a doka. Shekaru da yawa amsar shugabannin ƙananan hukumomi ita ce kuɗi ba ya iso su. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Akwai kuma asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi suke da rabo a ciki. Hukumar da ta karɓi kuɗin izini, ta ga ana gini a kwari ta kawar da kai, ba ta da bakin cewa ba ruwanta.

Ɗan kwangilar hanya ma haka. A 1975, a shari'ar Umudje da kamfanin Shell-BP, Kotun Ƙoli ta duba ƙarar mutanen da hanyar da kamfanin ya gina ta tare musu ruwa, kuma mutanen suka samu diyya. Titin da aka ɗaga sama da gidaje ba tare da isasshen kwalbati ba, madatsar ruwa aka gina a tsakiyar unguwa.

To me ya hana mu kai ƙara? Kunya da tsoro. Talaka ba ya son ya tsaya gaban alƙali da wanda zai gaisar a masallaci da asuba, balle ɗan gudun hijira da yake ganin alfarma aka yi masa. Akwai kuma tarkon da mutane ba su sani ba: dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta ba wanda zai yi ƙarar jami'i ko hukuma. Kafin a gama jiran tallafi, lokaci ya ƙure.

A Yuli 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe fiye da mutum 40 a Jibiya. Mu a kudancin jihar ruwanmu ya fi nasu yawa, unguwanninmu kuma faɗaɗa suke yi ba tsari.

Iyayen ƙasa, ranku ya daɗe, roƙona gare ku shi ne kada hatiminku ya sake hawa takardar filin da ba a fitar wa hanyar ruwa ba. Shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, ku liƙa a sakatariya abin da kuka kashe kan lambatu bana, layi-layi, kowa ya karanta. Kai kuma da ruwa ya ci gidanka, ka ɗauki hoto tun ruwan bai janye ba, ka nemi shaidu, ka adana takardar cinikinka, ka ga lauya ko alƙali cikin makon. Mai shirin sayen fili, ka haƙura sai watan Agusta, ka je ka taka wurin da ƙafarka bayan an ɗauke ruwa.