Jawabin Taron Ƙungiya: Barkonon Tsohuwa Ba Ya Maganin Yunwa



Mu mazauna Minna ba labari aka ba mu ba. Ran 5 ga Fabrairu 2024 mata da matasa suka tare hanyar Bida a shataletalen Kpakungu saboda tsadar abinci. 'Yan sanda suka tarwatsa su da barkonon tsohuwa, aka kama wasu. A Agustan shekarar zanga-zanga ta game ƙasa, har aka rasa rayuka a Suleja. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a faɗin Nijeriya.

Wasunmu na cewa talaka sai da bulala, wai gara ma mulkin soja. To, ai a zamanin Janar Babangida, ɗan garin nan, aka yi tarzomar SAP ta 1989, kuma bindiga ba ta sauko da kuɗin mudu ba.

Ga matsayinmu: mai jin yunwa yana da haƙƙin kokawa, hukuma ta saurare shi, ba ta harbe shi ba. Mu kuma mu ja kunnen 'ya'yanmu, don in kasuwa ta kama wuta, rumfunanmu ne za su fara zama toka.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu Gbagyi da Nufawa. Amin.