Lambar wayar mai saye amana ce

Jawabin da aka gabatar a taron cikar shekara na ƙungiya, Madachi



An ce in yi magana a kan waya da sana'a. A da, mace tana cikin gida, yarinya ce ke ɗaukar farantin ƙuli-ƙuli ko daddawa ta zaga gari. Yau waya ce 'yar tallarmu. Ki ɗora hoton man gyaɗa a WhatsApp, kafin la'asar wata daga Rano ko Kibiya ta ce a ajiye mata kwalba biyu. Sai dai ita waya takan fita da abin da ba ki aike ta da shi ba.

WhatsApp da Facebook da Instagram duk na kamfani ɗaya ne, Meta, da ke Amurka, kuma da kuɗin talla yake rayuwa. Gwargwadon yadda ya san mutum, gwargwadon yadda tallar za ta yi tsada. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta ci shi tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa.

Kowace al'umma da yadda take kallon sirri. A ƙasar Sin, da manhaja ɗaya, WeChat, mutum ke hira ya kuma biya kuɗin cefane, sun saba. A Turai, tun watan Mayun 2018 doka ta ba mutum damar cewa kamfani ya goge bayanansa. Najeriya ta yi tata dokar a watan Yunin 2023. Mu kuwa tun kafin doka muna da kunya. Matar da ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, yaya kike gani za ta ji idan ta ga hotonta yana yawo saboda kin yi mata ɗinki? Ba lallai ta ce miki komai ba. Za dai ta canja tela.

To, ga abin da nake roƙonmu.

Ki ɗauki hoton kaya, ki bar fuskar mai kaya, sai in ta yarda. Ki duba bayan hoton, kada yara ko tsakar gida su fito.

Kada ki jefa kowa a guruf ba ki tambaye ta ba, domin a can kowa na ganin lambar kowa. Akwai burodkas, inda saƙo ke isa ga kowace ita kaɗai, muddin ta ajiye lambarki.

Rasit ɗin tiransifa yana ɗauke da sunan mutum, bai kamata ya hau sitatus ba. Haka habaici ga wadda kike bi bashi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ki rage yawan ɗorawa. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, mata na lissafin abin da za su buɗe. Hoto uku da farashi a rubuce sun fi talatin da za a tsallake. Ke ma idan saƙonnin tallar kamfanonin waya sun dame ki, ki tura STOP zuwa 2442.

Lambar sirrin katinki da wadda banki ke turowa ta saƙo, babu ma'aikacin banki da zai kira ya nema. Layinki kuma an haɗa shi da lambarki ta NIN, duk abin da aka aikata da shi sunanki za a gani, don haka ba abin aro ba ne.

Shawarata ta ƙarshe ga shugabanni: littafin sunayenmu da lambobinmu ya zauna a hannun sakatariya. Duk wanda ya zo da alƙawarin tallafi yana neman jerin sunaye ko BVN, a kawo maganar gaban taro tukuna.

Allah ya sa albarka a cinikinmu, ya mayar da kowa gida lafiya.