Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya: zanen da ake koyo a Lise Teknik

Ranka ya daɗe Maigari, Allah gafarta Malam Liman, iyayena dattawa, da ku ƴan'uwa da kunka zo ganin gida daga Yamai, da Abijan, da Legas, ina gaishe ku baki ɗaya.

Kun san yaronmu da ya ci brebe bara, gwamnati ta tura shi Lise Teknik Ɗan Kasawa na Maradi. Da ya zo hutu, babansa ya buɗe jakarsa ya tarad da manyan takardu cike da layuka da lambobi. Ya same ni ƙofar aji, ransa ɓace, ya ce: "Mushe, shekara goma muna haƙuri da rashin hannunsa a gona, ashe zane za a koya mishi?" Yana son ya fid da shi. Don haka na roƙi shugaban ƙungiya ya ba ni magana yau.

Bari in fara da laifina. Kun tuna ƙyauren ƙarfe da ƙungiya ta saya wa aji na biyu. Ni na auna ƙofar, metir 2 tsawo, santimetir 90 faɗi, na faɗa wa mai walda ta waya. Ni ramin bango na auna. Shi ko ya ɗauka awon ƙyauren ne, sai ya ƙara ƙarfen da ke kewaye da shi. Ban kuma faɗi ta wane hannu zai buɗe ba. Da motar kasuwa ta kawo shi, ya ƙi shiga, sai da munka fasa bango munka sake sayen siminti. Mai walda bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Da akwai takarda guda tsakaninmu, da kuɗinku ba su tafi banza ba.

Wannan takarda ita yaron ke koyon yi. A lakwal ana ce mata desen teknik, kuma ba ruwanta da hoton doki ko fure. Ku ɗauki turmi. In ka tsaya gabansa, siffa guda kake gani. In ka leƙa shi daga bisa, sai ka ga zobe cikin zobe. Zurfin ramin ko, ba ka ganinsa sai ka yi kamar ka tsaga turmin biyu. Yaron zai zana ukun nan bisa takarda guda, kowane a wurinsa, ya rubuta awon kowane gefe, har masassaƙin da bai taɓa ganin turminka ba ya sassaƙo irinsa. Layi mai kauri abin da ido ke gani ne, layi mai tsinke-tsinke kuma abin da ke ɓoye ciki. In an rubuta 1/100, santimetir guda na takarda metir guda ne a ƙasa: ɗaki mai metir 4 da metir 3 ya koma santimetir 4 da 3, tafin hannu ya rufe shi. Kayan inji kuwa da milimetir ake awonsu, don can kaurin farce kan hana ƙarfe shiga ɗan'uwansa.

Wani Bafaranshe, Gasfar Monj, ya tsara wannan dabara. Sojan ƙasarsu sun ɓoye ta shekaru kamar asiri, sai a 1795 ya koyar da ita a fili a makarantar horon malamai ta Faris. Yau ƙa'idodin kusan ɗaya ne ko'ina, shi ya sa yaronmu ke iya karanta zanen injin niƙa da anka ƙera Sin ko Indiya, alhali bai jin ko kalma guda ta harshensu.

Ku ƴan ci-rani, maganar ta fi shafarku. Sau nawa mutum ya aiko kuɗin gumin shekara biyu a yi mishi gida, ya dawo ya iske ƙofa tana duban gabas, inda ruwan damana ke bugowa, ɗakin ko gado bai ɗauka? Daga nan sai zargi tsakanin wa da ƙane, wani sa'i har gaban Maigari. Ba kullum ne cin amana ba. Bayani ne da baki, kowa ya ji nasa.

Ba zan ɓoye muku ba, karatun da wuya. Yana son lissafi, da haƙuri, da hannu mai tsabta. Ni kaina ɗan abin da anka nuna mana a makarantar malamai, gom ya fi kiriyon aiki a hannuna. Ba ni kuma yi wa kowa alkawarin albashi. Abin da na sani, a lise ɗin akwai sashen injuna, da na lantarki, da na gine-gine, duk da zane suke tafiya, kuma wanda ya samu bak yana iya neman shiga EMIG ta Yamai, inda ake horon injiniyoyi. Gaskiya ne manyan ofisoshi yanzu da kwamfuta suke zane, amma kwamfuta ba ta gyara wa wanda bai san abin da yake zanawa ba.

Ga roƙona. Kayan aikin yaron ba su cika ba: yana aron kwamfa da ekar wurin abokai, allon zane ma bai da shi. Ina so asusun ƙungiya ya saya mishi. Zan kawo wa ma'aji takardar kayan ran kasuwa mai zuwa. Ina kuma roƙon Malam Liman da dattijo guda su je su ga babansa kafin hutu ya ƙare, don maganarsu ta fi tawa nauyi gare shi. Shi yaron na riga na gaya mishi: in babban hutu ya zo, shi zai auna filin da munka ware don ɗakin ajiyar hatsi, ya kawo zanen gaban taro mu duba tun ba a aza tubali ko guda ba.