Hoto, Shaidar Ginin Birnin Kano



Ginin ƙasa abu ne mai bukatar hannun mutum kullum. Magini ya jera tubali, ya yi rufi da azarar giginya, ya shafe bango da makuba, ya tsayar da zankwaye a kusurwoyin soro, amma duk da haka, in aka yi 'yan damuna ba a sake yaɓe ba, sai ruwa ya mai da shi tudu. Wannan ne ya sa hoto yake da daraja ta musamman a birni irin Kano.

Ganuwar Kano, bisa ga tarihin sarakunanta, an soma ta ne zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kuma gina fadar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa. Da Barth, matafiyin Jamus, ya zo a 1851, da hannu ya zana birnin daga kan Dala. A tafiyar da Mittelholzer, matuƙin jirgin sama ɗan Suwizalan, ya yi a 1930 zuwa 1931, ya ɗauki hoton Kano daga sama, inda ake ganin soraye da lunguna da kududdufai. Su waɗannan kududdufai ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne, wato birnin daga cikinsu ya fito.

Abin da irin waɗannan hotuna suka tsare ba kaɗan ba ne. Tsohon Masallacin Juma'a na ƙasa ya ba da wuri ga sabon gini zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ƙofar Na'isa kuwa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa hanya. Yaron da aka haifa bayan haka ba shi da inda zai ga siffarta ta asali sai a hoto.

Saboda haka aikin mai ɗaukar hoto yana da ƙa'ida. Ya fita da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ke dukan bango a karkace, domin tsakar rana tana shafe zanen dagi. Ya shiga zaure ya ɗaga kai ya ɗauki daurin guga, don gwanintar magini a rufi take. Sa'an nan ya rubuta sunan unguwa, da shekara, da sunan maginin in an san shi. Hoton da ba shi da waɗannan ado ne kawai, ba ya zama hujja.

Amma kada a ɗauka hoto ya wadatar. Hoto ba ya toshe tsaga, ba ya gyara indararo. Amfaninsa shi ne ya nuna wa magini yadda gini yake a da, ya kuma nuna wa ma'aikacin da zai sa hannu a takardar rusau abin da zai ɓata. Ɗalibi ya ɗauka ya adana, hukuma kuwa ta nemo magina tun kafin damuna ta faɗi.

Allah ya sa a dace.