Bunƙasar Birnin Kano: Ina Ruwan Sama Zai Bi?



An umurce ni in yi magana a kan bunƙasar birane. Da yake fagen yana da faɗi, ni kuwa ɗalibi ne mai ƙaramin sani, sai na ga ya fi kyau in tsaya a kan Kano, a cikin Kano ɗin ma in tsaya a kan abin da kowa ya raina, wato kududdufi.

Bari mu fara da shimfiɗar ƙasa. Kano ta kafu ne a gindin Dala da Gwauron Dutse, a fili shimfiɗaɗɗe wanda gangarensa ba shi da yawa. Rafin Jakara ya ratsa tsakiyar birni ta gefen Kasuwar Kurmi, kasuwar da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ruwan shekara kuwa mafi yawansa a watannin Yuli da Agusta yake sauka. Saboda haka tun fil azal matsalar Kano ita ce ruwa mai yawa a ɗan lokaci, a ƙasar da ba ta saurin tsanyewa.

To, yaya magabata suka yi? Gidajensu na ƙasa ne. Inda aka haƙi ƙasar gini, nan rami ya zauna, ramin nan shi ne kududdufi. Da damina ruwan unguwa ya gangara cikinsa ya kwanta, ya riƙa tsotsewa a hankali yana ciyar da rijiyoyi. Kun ga ke nan yawan gini shi ne yawan mazaunin ruwa. Haka kuma ganuwa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birni kamar 30,000, ya kuma tarar da fili mai yawa da gonaki a cikin ganuwa.

Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911. Daga nan gari ya tsallake ganuwa ya yi gabas: Nasarawa, Sabon Gari, kantunan 'yan gyaɗa, daga baya masana'antun Bompai. An rubuta tsarin raya birni na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion. Amma da Kano ta zama hedkwatar jiha a 1967, ga kuɗin mai, ga farin 1973 da ya koro mutanen karkara, sai jama'a ta yi wa tsari fintinkau. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sun tashi da mutum kamar miliyan 2.8.

Jama'a, a nan gizo ke saƙa. Da aka koma gini da bulo da siminti, sai aka daina haƙa kududdufi, aka shiga cike wanda aka gada. A fara zuba shara, a bi da ƙasa, a yanka fuloti, a gina kanti. Rufin kwano da kwalta ba su shan ruwa, magudanai kuma leda ta toshe su. Ruwan da dā yake da masauki, yau ɗakin talaka ne masaukinsa. Katanga ta jiƙa ta faɗa wa yara da tsakar dare, masai ya tumbatsa ya haɗu da rijiya, amai da gudawa su biyo baya.

Na san wani zai ce kududdufi matattarar sauro ce, yara kuma suna nutsewa a ciki. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ana iya yashe shi, a kewaye shi, a hana zuba ƙazanta, a haɗa shi da magudana. In kuwa lalle sai an cike, to a fara haƙa wa ruwa wata hanya tukuna.

Daga ƙarshe ina kira gare mu. Cikinmu akwai waɗanda suka riga suka kama aiki a ofishin filaye da na tsara birni, saura kuma gobe za mu kama. Wata rana za a ajiye maka takardar fuloti a kan tebur, mai ita babban mutum ne, wataƙila ma kawunka ne. Kafin ka sa hannu, ka tashi ka je ka ga wurin, ka tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta. In sun nuna maka wurin nan ne, ka tuna akwai masu kwana a gangare, waɗanda ba su san sunanka ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.