Gidan baƙi mai tara ruwan sama

Jawabin yau a kan wani gida ne na ƙauyen Sinciyan, cikin jahar Tambakunda, a ƙasar Senegal.

Can ma rani yana da tsawo, ruwa yana wuya. A shekarar 2015 aka buɗe gidan. Wata mata mai suna Toshiko Mori ta zana shi. Magina na wurin suka gina shi da tubali da gora da shuci.

Jinkar gidan ta lotsa ciki kamar mazurari. In an yi ruwan sama, sai ya gangara cikin manyan tankuna, a ajiye shi don rani.

An yi gidan don saukar masu zane da makaɗa da marubuta. Baƙo ya zo daga nesa, ya yi makonni, yana aikinsa tare da mutanen gari. Nan kuma ake taro, ana koyar da aikin garka.

An ce baƙo raɓa ne. Gaskiya ne, baƙin suna tafiya. Amma ruwan da garkar, na mutanen gari ne.

To, ruwan da ke zuba daga indararonku, ina yake zuwa? Ku tattauna wannan a ajinku.