Sunan Da Aka Laƙaba Miki A Makaranta



Yau da tambaya zan fara: wane suna aka laƙaba miki a sakandare? Ni dai "Tsinke" ake ce min. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya a makarantar kwana kuwa, "Randa". Ranar da wani malami ya kira ta da sunan a gaban aji, aka kwashe da dariya, daga nan ta daina karyawa. Kunun safe ma sai ta bayar, ta wuni da ruwa. Ba a yi wata ɗaya ba ta yanke jiki ta faɗi a wajen taron safe.

Ni kuma wata babbar ɗaliba ce ta kawo min ƙwayoyin "sha ka fashe". Sai da na shiga jami'a na san cewa galibinsu dexamethasone ne ko cyproheptadine. Wallahi ƙibar dexamethasone ba ta lafiya ba ce: fuska ta kumbura, jini ya hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta ragu. Wadda ta daɗe tana sha kuma, kada ta yanke shi rana ɗaya, akwai haɗari. Ta je ta ga likita.

Kun ga dai, ɗaya ta guji abinci, ɗaya ta rungumi ƙwaya, amma mafarin ɗaya ne: dariyar aji.

Tsakanin shekara 10 zuwa 19 jiki na cikin gina kansa ne. Yarinyar da ta fara al'ada tana buƙatar ƙarin sinadarin ƙarfe; in ta yi ta tsallake abinci, ƙarancin jini na iya biyo baya, ga jiri, ga karatu ba ya shiga.

To malamai, don Allah a daina zolayar ɗalibi da jikinsa, ko da wasa ne. Shugabannin makarantu, ku ɗauki wannan tsokana laifi kamar duka. Masu kula da ɗakunan kwana, ku lura da wadda kujerarta ke zama wayam lokacin cin abinci. Iyaye, ranar ziyara kada gaisuwar farko ta zama "kin rame" ko "kin yi ƙiba". Ku tambaye ta, "Ya kike? Me ake kiranki a aji?"

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.